Makokin Mazan Jiya a Ƙasar Hausa

Idan tsohon soja ya rasu a unguwa, ba a jiran kowa. In ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an ɗora a makara, liman ya yi kabbara huɗu, an kai shi makwancinsa. Babu busa, babu harbin bindiga. A mafi yawan maƙabartunmu ko suna ba a rubutawa a kan kabari, saboda haka samanja da ɗan dako ba su da bambanci a can.

Kafin a yi sallah, wani babba a cikin dangi yakan miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi, ko wanda ya ba shi ajiya, ya zo ya ga wane. Ga tsohon soja mai sana'a wannan magana tana da nauyi. Tela kan tafi ya bar yadin mutane a shago, bakanike ya bar motar wani a gareji. Idan aka kwana uku babu wanda ya zo da ƙorafi, an riga an yi masa babbar shaida.

A zaman makoki ne ake jin ko wane ne mutum. Maza kan tabarmi a ƙofar gida, mata a ciki, mai shigowa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta," a amsa da amin, a shafa fatiha. Daga nan sai hira ta ɓalle a hankali.

Tsofaffin abokansa su ke kawo labarin bariki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun ɗebi dubban samari daga Arewa, suka sa su a runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japanawa a dazukan Bama tsakanin 1943 da 1945. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, har wanda ba Bahaushe ba da ita yake karɓar umarni. Sunayen barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna daga wannan yaƙi suka samo asali. Sojojin wancan yaƙi kusan duk sun tafi. Waɗanda muke binnewa yanzu su ne na yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970.

Amma ni a ganina shaidar yaran shago ta fi taɓa zuciya. Da yawa daga cikin mazan jiya a soja suka koyi tuƙi, ko kanikanci, ko ɗinki, ko kafinta, suka dawo gida suka buɗe wurin aiki. Sai ka ga magidanci mai furfura, wanda shi ma yana da nasa yaran, yana share hawaye yana faɗin yadda maigida ya karɓe shi yana ƙarami, ya ci da shi, ya hore shi kan lokaci da cika alkawari, ya yaye shi da keken ɗinki, wani ma har aure ya yi masa. Sau da yawa magada kan bar kayan aikin a hannun ɗan da ya gaji sana'ar, don kada shagon ya rufe.

Ranar uku a yi sadakar gumba ko waina, a watse. Wasu gidaje na yin bakwai da arba'in, wasu malamai kuma ba su yarda da hakan ba. Matansa su shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Jikan da aka haifa bayansa a mayar masa da sunan, a riƙa kiransa Abba ko Baffa, don ƴaƴa da surukai ba sa iya faɗin sunan da bakinsu.

Gwamnati tana tunawa da mazan jiya kowace 15 ga Janairu, a ajiye furanni a yi fareti. Labarin da ake bayarwa a kan tabarma kuwa babu mai rubutawa, da an naɗe tabarmin ya fara gushewa. Duk mai tsohon soja a gida ya zauna da shi tun yana da rai, ya ɗauki muryarsa a waya, ya tambaye shi inda ya je, da wanda ya koya masa sana'a, da waɗanda shi ya koya wa.