Faɗan kifaye a tankin ruwan gishiri: rikicin iyaka da muƙami a cikin gilashi

Wanda ya ga tankin gilashi cike da kifayen teku masu launin ruwan goro da shuɗi da rawaya a falon wani gida zai ɗauka zaman lafiya ake yi a ciki. Sau da yawa ba haka lamarin yake ba. Kifi guda kan mamaye tankin, ya hana sauran abinci, ya kore su zuwa lungu har su rame su mutu. A gari irin Abuja, mai nisa da teku, inda sai an haɗa ruwan da gishiri na musamman kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ana shigo da yawancin kifayen ne daga waje, mutuwar kowane kifi asara ce mai nauyi ga aljihu.

Tushen faɗan shi ne wuri da muƙami. A cikin teku, kifin da aka rinjaya yakan yi iyo ya bar wurin, magana ta ƙare. A tanki kuwa gilashi ya tare shi ta kowane ɓangare, don haka korar ba ta da ƙarshe.

Kifin da ake kira Nemo, saboda fim ɗin Finding Nemo na 2003, shi ne misali mafi bayyana. Yana zama ƙungiya-ƙungiya cikin wata halittar teku mai kama da fure, bisa tsari irin na matakan aikin gwamnati. Mafi girma ita ce mace, na biyu shi ne mijinta, sauran ƙanana ne da ba sa haihuwa. Idan macen ta mutu, mijin ya rikiɗe ya zama mace, na ƙasa da shi ya hau gurbinsa. Binciken da Peter Buston ya yi a Papua New Guinea, wanda mujallar Nature ta buga a 2003, ya nuna cewa na ƙasa kan rage saurin girmansa don kada ya kamo na sama da shi a kore shi. Shi ya sa zuba manya biyu masu girma ɗaya a tanki guda yakan haifar da faɗa mai tsanani, alhali babba da ƙarami sukan daidaita. A 2024 kuma masu bincike a Okinawa ta Japan suka gano cewa wannan kifi ya fi kai hari ga mai farin zane uku irin nasa, wato kishiyarsa ita ce mai kama da shi.

Kifin damsel ƙarami ne kuma mai arha, amma wasu nau'o'insa kan yi kiwon gansakuka a kan dutse, su tsare ta kamar manomi da gonarsa, har su ciji hannun mai tankin. Kifin tang kuwa yana da ƙaya mai kaifi a kowane gefe na gindin wutsiyarsa, da ita yake yankar abokin gaba, musamman ɗan'uwansa mai siffa da launi irin nasa.

Alamun zalunci ba sa ɓuya ga mai lura: yagaggen fiffike, kifin da ya maƙale a saman lungu, ko wanda ya daina fitowa lokacin cin abinci. Wahalar kan raunana garkuwar jikinsa, sai cutar fararen ɗigo ta kama shi, daga nan ta bazu ga sauran, har da azzalumin.

Maganin yana hannun mai tankin tun kafin saye. Ana fara zuba masu sanyin hali, a bar masu zafin rai su zo a ƙarshe, domin wanda ya riga shiga yakan ɗauki tankin duka nasa ne. Ana guje wa haɗa kifaye masu kama da juna. Ana jera duwatsu da ramukan ɓuya da yawa yadda za su tare wa kifi ganin abokin gabarsa. Idan za a kawo baƙo, a sauya jerin duwatsun don tsofaffin iyakoki su rushe, a ajiye shi kwanaki kaɗan cikin ƙaramin akwati mai gani-gani a cikin tankin, sannan a sake shi bayan an kashe fitila. Raba abinci a wurare biyu ko uku yana hana guda ɗaya tsare shi, madubi a jikin gilashi kuma kan ɗauke hankalin mai faɗa na ɗan lokaci.

Idan duk wannan bai yi ba, abin da ya rage shi ne a cire azzalumin a kai shi wani tanki. Jiran su saba da juna bayan jini ya fara fita yakan ƙare ne da gawar mai rauni.