Dokar Ɓarna da Biyan Diyya: Abin da Ya Kamata Manoma, Makiyaya da Shugabannin Karkara su Sani

Gabatarwa

A kowace shekara, daga faɗuwar damina har zuwa ƙarshen kaka, koke-koken da suka fi yawa a gaban masu unguwanni, dagatai da hakimai su ne na ɓarna: shanu sun shiga gona, wutar da aka cinna wa daji ta cinye rumbu, mota ta buge mai babur a hanyar kasuwa. Fannin shari'ar da ke duba irin waɗannan al'amura shi ne dokar ɓarna da biyan diyya, wadda lauyoyi ke kira "tot" da Turanci. Manufarta ita ce a tilasta wa wanda ya jawo asara ya biya wanda ya cutar. Hukunta mai laifi da ɗauri ko tara aikin dokar manyan laifuka ne, kuma hukuma ce ke gurfanar da shi; neman diyya kuwa wanda aka cuta ne ke shigar da ƙararsa da kansa.

Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar karkara, ma'aikatan ƙananan hukumomi da ɗalibanmu masu karatun lauya su fahimci cewa wannan doka ba iri ɗaya ba ce a faɗin Nijeriya. Samun diyya ya danganta ga jihar da abin ya faru, da kotun da aka kai ƙara, da kuma lokacin da aka kai ta.

Dalilin da ya sa dokar ta bambanta

Tsarin Mulki na 1999 ya jera al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, kamar tsaro da kuɗin ƙasa. Ɓarna da diyya tsakanin mutum da mutum ba sa cikin wannan jeri, saboda haka majalisar dokokin kowace jiha ce ke da iko a kansu.

A jihohin Arewa dokar tana da tushe uku. Na farko shi ne shari'ar Ingila da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, wato hukunce-hukuncen alƙalansu da kuma dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila a ranar 1 ga Janairu, 1900. Na biyu shi ne dokokin da tsohuwar Jihar Arewa ta kafa, waɗanda aka tattara a kundin dokoki na 1963. Da aka raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, kowace jiha ta gaji wannan kundi, kuma jihohi 19 na yanzu kowace tana da ikon yi masa gyara yadda ta ga ya dace da ita. Na uku shi ne shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, tare da al'adun gargajiya a yankunan da ake bin su.

Ranar 1 ga Janairu, 1900 tana da muhimmanci ga ɗalibin shari'a, domin dokokin gama-gari da Majalisar Ingila ta kafa bayan wannan rana ba sa cikin waɗanda muka gada. Wanda ya ɗauko hukunci daga littafin Ingila na zamani, ko daga dokar Legas, ya ɗora a kan ƙarar da ta taso a ƙauyensu ba tare da ya duba kundin jiharsa ba, to yana iya yin kuskure babba.

Ɓarnar dabbobi a gona

A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. A shari'ar da aka gada daga Ingila, mai dabba shi ke da alhakin tsare dabbarsa. Idan shanu, tumaki, awaki ko jakuna suka shiga gonar wani suka yi ɓarna, mai su zai biya, ko da dare ne ko da rana, kuma ba sai mai gona ya tabbatar da cewa an yi sakaci ba. Sassaucin da aka yi shi ne ga dabbobin da ake kora a kan hanyar da doka ta amince a bi, suka kauce zuwa gonar da ke bakin hanya. A nan sai an nuna sakacin mai kora kafin a ɗora masa biya. Ingila ta sauya wannan ƙa'ida da wata doka a 1971, amma wannan sauyi bai shafe mu ba.

Malikiyya kuwa ta bambanta dare da rana. Asalin hukuncin shi ne hadisin taguwar Barra'u ɗan Azib da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo shi a taƙaice. Tsaron gona da rana yana kan mai gona, tsaron dabba da dare yana kan mai dabba. Abin da dabbobi suka ɓata da dare mai su zai biya, ko da kuɗin ɓarnar ya fi kuɗin dabbobin. Da rana kuwa babu biya, amma da sharaɗi biyu: ya zamana babu makiyayi tare da su, kuma an sake su ne nesa da gonaki. Idan makiyayi yana tare da garke ya bari suka shiga gona, to biya ya hau kansa ko da tsakar rana ne. Wannan sharaɗi ne mutane da yawa ke mantawa da shi, su riƙa cewa ɓarnar rana ba ta da ramuwa. Har ila yau malamai sun yi bayanin cewa shukar da ba ta nuna ba ana ƙiyasta kuɗinta ne tsakanin fatan ta yi kyau da tsoron ta lalace.

Baya ga waɗannan akwai dokokin da jihohi suka kafa. Jihar Arewa ta yi Dokar Makiyaya da Wuraren Kiwo a 1965 domin keɓe filayen kiwo, kuma noma a cikin burtali ko makiyayar da hukuma ta keɓe yana raunana ƙarar mai gona. A ɗaya gefen, Jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwo a fili a 2017. Ke nan garken da ke tafiya daga Arewa maso yamma zuwa kwarin Binuwai da rani yana ratsa dokoki daban-daban a tafiya guda, kuma wajibi ne ardo ya san wannan kafin a tashi.

Ko a wace kotu, wanda aka yi wa ɓarna ba shi da ikon sara, kashe ko sa wa dabba guba. Abin da zai iya yi shi ne ya tsare dabbar da ya kama a cikin gonarsa, ya sanar da mai unguwa nan take. Wanda ya rama da hannunsa ya mayar da kansa mai biya, kuma yana iya fuskantar tuhuma.

Wuta, haɗari da sakaci

Wanda ya cinna wuta domin sharar gona ko farauta ta tsallaka ta cinye amfanin maƙwabci saboda sakacinsa, zai biya. Malikiyya ma ta ɗora biya a kan wanda ya hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi. Game da sakaci gaba ɗaya, kotunanmu suna bin ƙa'idar da ta fito daga shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, cewa wajibi ne mutum ya kiyaye kada aikinsa ya cutar da wanda hankali zai nuna cewa aikin yana iya shafarsa. Bugu da ƙari, idan direba ko ma'aikaci ya yi ɓarna a bakin aikinsa, ana iya ƙarar ubangidansa tare da shi.

Idan kuma wanda aka cuta yana da nasa laifin fa? A tsohuwar shari'ar Ingila, sakaci kaɗan daga gare shi yana hana shi diyya baki ɗaya. Ingila ta gyara wannan a 1945, amma da yake gyaran ya zo bayan 1900, sai da Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1957, wadda ta ba alƙali ikon raba laifi. Misali, idan an ƙiyasta asarar mai babur a kan naira 1,000,000, kotu kuma ta ga kashi 30 cikin 100 na laifin nasa ne saboda ba ya da fitila, zai karɓi naira 700,000. Yankin Yamma da na Gabas da Legas kowanne ya yi tasa dokar daban a kan wannan batu.

Idan an rasa rai

Dokar Haɗurran da ke Jawo Mutuwa ta Jihar Arewa, ta 1956, ta ba iyalan mamaci ikon neman diyya daga wanda sakacinsa ya jawo mutuwar. Wannan doka ta yi la'akari da yanayin jama'armu: idan mamacin Musulmi ne, waɗanda ke da haƙƙi su ne waɗanda shari'ar Musulunci ta ba rabo a diyyar kisan kuskure. A Malikiyya cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma a kisan kuskure dangin mai laifi na wajen uba ne ke haɗuwa su biya cikin shekara uku. Muna tunatar da masu motocin haya cewa dokar tarayya ta wajabta inshorar da ke biyan wanda abin hawa ya cutar, don haka a riƙa rubuta lambar mota da bayanan takardar inshorarta tun a wurin haɗari.

Wa'adin shigar da ƙara

Wannan shi ne abin da ya fi jawo wa mutanen karkara asarar haƙƙinsu. Doka ta sa wa kowace ƙara wa'adi, kuma idan ya wuce kotu ba za ta saurare ta ba, komai ƙarfin hujja. A Legas wa'adin yawancin ƙararrakin ɓarna shekara 6 ne, amma na raunin jiki da sakaci ya jawo shekara 3 ne. A jihohin Filato da Ribas shekara 5 ne.

Wa'adin da ya fi gajarta shi ne na ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa. Dokar Kare Jami'an Gwamnati, ta tarayya da wadda ke cikin kundin Arewa na 1963, ta ba da wata 3 kacal daga ranar da abin ya faru, ko daga ranar da cutarwar ta tsaya idan mai ci gaba ce. A 1998, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Kula da Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan kariya ta haɗa da hukumomin gwamnati, ba ɗaiɗaikun ma'aikata kaɗai ba. Kariyar ba ta rufe jami'in da ya fita daga hurumin aikinsa. Haka kuma dokokin ƙananan hukumomi a jihohi da dama sun wajabta a ba ƙaramar hukuma sanarwa a rubuce kafin a kai ta ƙara. Zaman sulhu abu ne mai kyau, amma a sani cewa kwanaki suna tafiya ana cikin zaman.

Wace kotu za a je

A jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 1999 da 2000, kotunan shari'a suna sauraren ƙararrakin Musulmi, wanda ba Musulmi ba kuwa sai da yardarsa. Kotun gunduma tana sauraren ƙarar diyya har zuwa iyakar kuɗin da dokar jiha ta ƙayyade mata, abin da ya haura haka sai Babbar Kotun Jiha. Ɗalibai su lura cewa sashe na 277 na Tsarin Mulki ya jera hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan al'amuran aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976.

Kira ga shugabanni da jama'a

Muna kira ga masu unguwanni, dagatai, ardo-ardo da malaman gona su je wurin ɓarna a ranar da aka kawo rahoto, kafin ruwa ko iska su shafe sawu. A rubuta rana da lokaci, musamman ko dare ne ko rana, da ko akwai makiyayi tare da dabbobin. A auna faɗin wurin da aka ɓata, a faɗi irin shuka da matsayin girmanta, a ɗauki hoto, a rubuta sunayen shaidu. Idan an yi sulhu, a rubuta adadin kuɗi da ranar biya, ɓangarorin biyu su sa hannu a gaban shaidu. Idan sulhu ya gagara, kada shugaba ya riƙe magana a fadarsa. Ya sallami masu ita zuwa kotu tun wa'adi bai ƙure ba, ya kuma ba su kwafin abin da ya rubuta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, amin.