Dodon Koɗin Bahar Maliya da Ya Yar da Koɗinsa

A duwatsun murjani na Bahar Maliya, tun daga gaɓar Masar har zuwa ta Sudan, akwai wata 'yar halitta da tsawonta bai cika wuce santimita 5 ba. Masana suna kiranta Chromodoris quadricolor, kuma wasu Jamusawa biyu, Rüppell da Leuckart, su suka fara siffanta ta a ƙarni na 19. Bayanta zane-zane ne na baƙi da shuɗi, gefenta kuma fari da ruwan lemo. Dangin dodon koɗi ce, sai dai ba ta da koɗi. Tana ƙanƙanuwa takan yi yawo cikin ruwa da ɗan koɗinta, amma da zarar ta sauka ƙasa ta fara jan ciki sai ta yar da shi.

Ga laushin jiki, ga rashin sauri, ga kuma ado da ake hangowa daga nesa. Me ya hana kifaye su lamushe ta?

Amsar tana cikin abincinta. Tana kiwo ne a kan wani jan soson teku mai suna Negombata magnifica, wanda kifaye ke gudunsa saboda dafin da ke cikinsa, latrunculin. Ita kuwa kankare shi take da harshenta mai ƙananan haƙora kamar magagari. Dafin ba ya cutar da ita. Tara shi take a jikinta. Kifin da ya kai mata baki sau ɗaya ya tofar, ba ya mance wannan zanen. Ashe adon gargaɗi ne. A ganina dabarar ta fi koɗi sauƙi: babu kaya a baya, kuma wani ne ya sha wahalar haɗa makamin.

Ido kam kusan babu, haske da duhu kawai take bambancewa. 'Yan ƙahoni biyu masu ruwan lemo da ke kanta su ke sansano mata soso, tuntun da ke can bayanta kuma da shi take numfashi. Kowace ɗaya namiji ce kuma mace, in biyu sun haɗu duk sukan yi ƙwai.

Dafin nan ya shiga ɗakunan bincike ma. Da yake yana wargaza zaruruwan da ke riƙe da siffar ƙwayar halitta, masana suna amfani da shi don gano yadda ƙwayoyin jiki ke motsi da rabuwa.