Kayan Lambu Da Gyambon Mai Ciwon Sukari

Manoman rani na Rigasa da na bakin kogin Kaduna, ga wata magana da ta shafe ku, ta kuma shafi masu sayen kayanku. Mai ciwon sukari in ƙaya ta soke shi, ko fartanya ta sare shi, ciwon kan daɗe bai warke ba. Wani ma sai ya zama gyambo, har a kai ga yanke ƙafa.

Ga dalili. Sukari in ya yi yawa cikin jini yakan lalata ƙananan jijiyoyi, ya kuma haifar da wasu abubuwa masu cin naman jiki kamar yadda tsatsa ke cin garma. To, akwai sinadaran da ke tare wannan tsatsa, ɗaya daga cikinsu shi ne bitamin C. In babu shi, jiki ba ya iya saƙa sabuwar fata. Tun 1747 wani likitan jiragen ruwa na Biritaniya, James Lind, ya gwada ba matuƙa lemo, suka warke daga cutar da ke sa dasashi jini da tsohon tabo ya buɗe.

Mu kuwa abin yana lambunmu: zogale, da rama, da tattasai, da tumatir, da gwaba. Gwaba ta fi lemon zaƙi bitamin C wajen ninki huɗu, amma mai sukari ya ci kaɗan, don ita ma da zaƙinta. Sai dai a lura, doguwar dahuwa da kanwa suna kashe shi. Ganye kuma a shanya shi a inuwa, kada a baza shi a rana.

Amma fa kada wani ya ce ya sami magani. Ganye taimako ne, ba ya maye gurbin ƙwaya ko allurar da likita ya rubuta. Mai sukari kada ya shiga gona ba takalmi. Kowace yamma ya wanke ƙafa ya duba tsakanin yatsu, domin sau da yawa ba ya jin zafin rauni. In ya ga ciwo, kada ya zuba toka ko baƙin mai, ya nufi asibiti ran nan.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da albarkar noma, amin.