Makonnin Farko a Firamare: Yadda Darasi da Jinga Suke Tafiya a Jos

A makarantun firamare na Jos, kamar sauran sassan Najeriya, sabuwar shekarar karatu takan fara ne a watan Satumba, tun damina ba ta gama ban kwana ba. Yaran Gangare da Rikkos da Tudun Wada da Bukuru sukan fito da sassafe, wasu da rigar sanyi a kan kayan makaranta, domin birnin yana kan tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku. A makonni uku ko huɗu na farko ne malami yake gane irin ajin da aka damƙa masa, a cikinsu ne kuma iyaye suke fara magana kan jinga, wato aikin da ake ba yaro ya yi a gida.

Ranar makaranta takan buɗe da taron sahu, sannan kiran suna, sai darussa masu tsawon rabin awa ko ɗan fiye da haka. Yawancin jadawali yakan sa lissafi da Turanci da safe, kafin a fita tara, lokacin da hankalin yaro bai rabu ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimin shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar NERDC ce take tsara manhaja, hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Filato kuma take kula da makarantun gwamnati tare da ƙananan hukumomi. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta taƙaita darussan aji 1 zuwa 3 a kan 9 zuwa 10, ta kuma mayar da tarihin Najeriya darasin dole.

Sai dai manhaja tana ɗauka cewa yaron da ya shigo aji uku ya ƙware a karatun aji biyu, alhali sau da yawa ba haka abin yake ba. Dogon hutu yakan zubar da wani ɓangare na abin da aka koya, musamman ga yaron da ya yi hutun a gona ko a kasuwar Farin Gada yana taya iyayensa sayar da kayan gwari. Saboda haka malamin da ya san aikinsa ba ya tsunduma cikin sabon darasi a makon farko. Yakan fara da bita, ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, ya ga wa ya san haruffa, wa yake iya haɗa gaɓa, wa yake karanta jimla ya fahimce ta. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35. A ajin da adadin ya ninka haka, wannan gwajin kaɗai yana iya cinye mako guda, amma lokaci ne da ba a yi asararsa ba. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara masu shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su gane shi, kuma matsalar takan samo asali ne daga waɗannan azuzuwan na farko.

A Jos akwai ƙarin batun harshe. Aji guda yana iya haɗa ɗan Birom da ɗan Afizere da ɗan Anaguta da Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da ɗan Ibo. A filin wasa Hausa ce take haɗa da yawansu, littafin da ke gabansu kuwa da Turanci aka rubuta shi. Tun 1977 manufar ilimi ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko, a 2022 gwamnati ta amince da tsawaita hakan zuwa ƙarshen firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da komawa ga Turanci a matsayin harshen koyarwa. Masana suna ci gaba da muhawara a kai. A cikin aji dai, malama takan faɗi abu da Turanci, ta ga idanu sun yi zuru, ta maimaita da Hausa.

Wannan ya shafi jinga kai tsaye. Yaron da bai gane umarnin da ya kwafa daga allo ba, babu yadda zai yi aikin shi kaɗai. Idan iyayensa ba su yi boko ba, sai yayansa ya rubuta masa, ko ya kwafi na abokinsa a bakin ƙofar makaranta. Malami ya ga amsa daidai ya sa maki, ya ɗauka darasi ya shiga. Ta haka ne yaro yake kaiwa aji huɗu da littafi cike da maki mai kyau, bai iya karanta sunan unguwarsu ba.

Binciken da aka yi a wasu ƙasashe bai goyi bayan jibga wa ƙananan yara aiki ba. Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka, a nazarin da ya jagoranta a 2006, ya gano cewa alaƙar yawan jinga da ƙoƙarin ɗalibi tana da rauni a firamare, sai a sakandare take ƙarfi. A can an san ma'aunin nan na minti 10 ga ɗan aji ɗaya, a ƙara minti 10 a kowane aji, har ya kai awa guda a aji shida. Faransa ta hana jingar rubutu a firamare tun 1956, ko da yake ba kowane malami ne yake bin umarnin ba. Ƙasar Sin ma a 2021 ta hana ta a aji ɗaya da biyu, ta ƙayyade awa guda ga sauran azuzuwan. A nan gida kuwa, wasu iyaye masu biyan kuɗin makaranta suna auna ingancinta da nauyin jakar da yaro yake dawowa da ita, makarantun kuɗi kuma sun san da haka.

Dole a duba yammacin yaron Jos kafin a ɗora masa shafi biyar. Da yawa suna tafiya Islamiyya bayan azahar, wasu suna da darasin coci, ga ɗiban ruwa da aike. Magariba tana yi wajen ƙarfe shida da rabi a wannan lokaci, wutar lantarki kuma ba kullum take samuwa ba. Ga yarinya, kalmar aikin gida tana da ma'ana biyu, kuma wanke-wanke ne yakan riga littafi.

Jingar da take da amfani a farkon shekara ita ce gajera, wadda ta maimaita abin da aka riga aka yi a aji, yaro kuma yake iya kammala ta ba tare da an riƙe masa fensir ba: lissafi biyar, ko kalmomi goma, ko karanta sakin layi ɗaya da babbar murya. Sharaɗinta shi ne malami ya duba ta washegari, ya gyara kuskuren a kan allo. Uwar da ba ta iya Turanci ba tana da rawar takawa: ta zaunar da yaron ya karanta mata, ya faɗa mata ma'anar da harshen gida, ko ya ƙirga mata tumatir da canjin cefane. Idan ɗan aji biyu ya shafe fiye da rabin awa yana kuka a kan shafi guda, gara uba ya rufe littafin, ya je da safe ya shaida wa malamin inda yaron ya tsaya, tun kafin gwajin tsakiyar zango ya zo.