Bashin banki: ka san farashinsa kafin ka sa hannu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wani yana son takin zamani, wani yana son shanun noma, wata kuma tana son rago ta yi turka. In kuɗi ba su kai ba, sai a nemi bashi. To, bashi ma yana da farashi, kamar gero a kasuwa. A banki, farashin nan a rubuce yake. Wanda ya iya karatu yana iya ganin shi da idonsa.

Mene ne takardar farashin bashi?

Takarda ce da shugabannin banki suke tsarawa. A cikinta an jera kowane irin bashi: na noma, na kasuwanci, na ginin gida. Gaban kowane an rubuta ruwan da za a ɗora, da tsawon lokacin biya, da kuɗin dosiye, wato kuɗin buɗe takardun mai neman bashi. Ana aika takardar nan ga rassan bankin duka. Ma'aikacin da ke Tawa da wanda ke Damagaram, abu ɗaya suke dubawa.

Babban bankin ƙasashe 8 masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma shi ne BCEAO. Ya umurci bankuna su manna farashinsu a fili, inda masu shiga za su gani. Saboda haka in ka shiga banki, ka duba bango. In ba ka gani ba, ka tambaya. Haƙƙinka ne.

Mene ne amfaninta?

Ku duba tiya a kasuwa. In mai awo yana da tiya biyu, babba ga abokinsa, ƙarama ga baƙo, rigima ba ta ƙarewa. Takardar farashi ita ce tiyar banki. Mutum biyu da suka nemi bashi iri ɗaya, na lokaci ɗaya, da jingina iri ɗaya, ya kamata su biya ruwa ɗaya. Bai kamata a duba cewa wannan ɗan birni ne, wancan ɗan ƙauye ba. Bai kamata a ƙara wa mace don ita mace ce ba.

Amma wani bambanci yana da dalili. Bashin shekara 5 ba daidai yake da na wata 6 ba. Wanda ya saba biya kan lokaci, ko ƙungiyar manoma da ta tsaya wa ƴaƴanta, suna iya samun sauƙi. Irin wannan bambanci, ma'aikaci yana iya nuna maka dalilinsa.

Takardar tana kare bankin shi ma. Kuɗin da yake bayarwa, yawancinsu ajiyar mutane ce. In ana ba da bashi don sanayya, kuɗi ba su dawowa. A ƙasarmu an ga haka. An kafa UNCC a 1962 don ƙungiyoyin manoma, aka kafa asusun bashin noma CNCA a 1967. Daga baya CNCA ya durƙushe, babban bankin BDRN kuma aka rufe shi a 1990. Bashin da ba a biya ba yana cikin manyan dalilai.

Mu yi lissafi

A ce ka karɓi jika 100, wato 100.000 F. Takarda ta ce ruwa kashi 12 cikin 100 ne a shekara. Ruwan shekara ɗaya ke nan jika 12. Kai kuma wata 6 za ka yi ka biya, bayan kaka. Wata 6 rabin shekara ne, ruwanka jika 6. A ce kuɗin dosiye jika 1 ne. Abin da bashin ya ci maka duka, jika 7 ke nan. Jika 7 a wata 6 daidai yake da jika 14 a shekara. Ashe ainihin farashin ya kai wajen kashi 14, ya wuce 12 ɗin da ka fara gani. Wannan jimilla ta ruwa da sauran kuɗi ana kiranta TEG. Ita za ka tambaya.

A yi hattara da wata da shekara. In an ce maka kashi 2 a wata, kada ka ce kaɗan ne. Ka ninka sau 12, zai zama kashi 24 a shekara.

Yanzu ku auna da bashin damina. Wanda ya karɓi tiya 1 ta hatsi lokacin noma, ya biya tiya 2 da kaka, ya biya kashi 100 cikin wata 4 kawai.

Akwai iyaka

Doka ta hana ɗora ruwa fiye da kima. A 2013 ministocin kuɗi na ƙasashen nan 8 suka rage iyakar, daga ranar 1 ga Janairu 2014. Ta bankuna ta sauko daga kashi 18 zuwa 15. Ta ƙananan asusun ajiya da bashi ta sauko daga kashi 27 zuwa 24. Ana sake duba iyakar lokaci zuwa lokaci, kuma da TEG ake auna ta. Wanda ya wuce iyaka ya taka doka.

Wasu ba su son bashi mai ruwa saboda addini. Akwai banki mai aiki bisa tsarin Musulunci. Shi yakan sayi kayan da kake so, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya sannu a hankali. Nan ma ka nemi a rubuta maka jimillar.

Kafin ka sa hannu

Ka yi waɗannan tambayoyi:
1. Nawa zan karɓa a hannuna?
2. Nawa zan biya duka, kuma a wace rana?
3. Ruwan na wata ne ko na shekara?
4. In na makara, nawa ne tara?
5. Me zan rasa in ban biya ba?

Kada ka dangwala yatsa kan abin da ba a karanta maka ba. Ka karɓi taka takardar, ka adana ta. In lissafin ya yi maka wuya, ka kawo shi ajin yaƙi da jahilci, ku yi shi tare da malami. Matambayi ba ya ɓata. In kaka ta yi, ka biya kan lokaci, don baɗi ɗan'uwanka shi ma ya samu.