Aya da tsakuwa a zancen allurar narkar da gudan jini

A majalisun yamma na cikin birnin Zariya, daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka, da zarar an ce wane ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, sai zancen allurar nan ya taso. Wani ya ce da jinin matattu ake haɗa ta. Wani ya ce ai yisti ne kawai, a jiƙa na fanke a ɗura wa mara lafiya. Mai gemu a gefe ya ce a bar wahala, a kira wanzami ya kafa ƙaho.

Allurar dai akwai ta. Jikin kowannenmu yana yin wani sinadari da likitoci ke kira tPA, aikinsa tayar da abin da ke narkar da jinin da ya daskare a jijiya, sai dai ɗan kaɗan jiki ke yi. A farkon shekarun 1980 kamfanin Genentech na Amurka, tare da Désiré Collen na jami'ar Leuven a Beljiyam, ya gano umarnin gadon da jiki ke bi wajen ƙera shi, aka dasa umarnin a cikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kiwo a manyan tankuna. Amurka ta amince da maganin a 1987 don bugun zuciya, a 1996 kuma don shanyewar ɓarin jiki. Babu gawa a ciki, babu jinin kowa. Amma duk wanda ya ce akwai dabba a zancen bai yi ƙarya duka ba: ƙwayoyin tankin sun samo asali daga wani ɗan ɓeran ƙasar Sin da aka ɗeba tun 1957, jikokinsu ne ke ta hayayyafa har yau. Su ma'aikata ne kurum. Ana tace maganin a bar su a baya. Hukuncin halacci na malamai ne, amma a kai musu wannan bayanin, ba na majalisa ba.

To, yisti fa? Nan aya ta fi cakuɗuwa da tsakuwa. Gaskiya ne ana sa yisti ya ƙera maganin mutum. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariranmu da shi ake yin ta tun 1986, haka wani kaso mai yawa na insulin ɗin masu ciwon suga. Har ma akwai ocriplasmin, guntun sinadarin narkar da gudan jini da yisti ke ƙerawa, wanda aka amince da shi a 2012, sai dai don ido aka yi shi. Shi tPA ya ba yisti wuya, domin yisti yana yaɓa masa sarƙoƙin sukari irin nasa, ba irin na mutum ba. Kuma wancan yisti ne da aka dasa wa umarni. Na ƙullin leda da Hajiya ke zubawa a ƙullun waina kumburi kawai ya iya. Ɗura shi ga wanda maƙogwaronsa ya shanye na iya kai ruwa huhu.

Ƙaho kuwa, gudan da ke taruwa a cikinsa bayan tsaga ya daskare, a waje. Wanda ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa yana nan inda yake.

Abin da majalisa ba ta faɗa shi ne allurar tana iya kisa. Shanyewar jiki iri biyu ce: toshewar jijiya da fashewarta. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, wanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikinsa, ya nuna a 2018 cewa kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon fashewa ce, kuma hawan jini ne babban sanadi. A yi wa irin wannan mara lafiya allurar narkar da jini, an ƙara wa wuta fetur. Shi ya sa sai an ɗauki hoton kai na CT tukuna, kuma sai a cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon.

Don haka idan baki ya karkace ko harshe ya yi nauyi, a duba agogo, kada a ba mara lafiya ko ruwa, a nemi mota a kama hanyar asibitin koyarwa da ke Shika. Addu'a a yi ta a cikin motar.